Yadda ake yin makullin mota na biyu mai ƙwaya, ba tare da motar ta kulle kanta ba

Yawancin motocin hannu da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Duwala, a hauro da su Ngawundare, Garwa, Marwa har Kuseri da Injamena, da makulli ɗaya tak suke isowa. Mai mota ya karɓa, ya rataya masa carbi, ya ci gaba da harkarsa. Sai ranar da makullin nan ya faɗa kwata ko ya ɓace a kasuwa ake gane cewa ƙarfen da ake yankewa a bakin titi zai buɗe ƙofa, zai juya kontak, amma ba zai tada injin ba. Aikin da za a gama cikin ƙasa da awa ɗaya muddin makullin farko yana hannu, shi ne yake komawa na kwance dashbod da jan mota idan ya ɓata. Don haka lokacin yin na biyu shi ne yanzu, tun na farkon yana aiki.

Abin da ke cikin kan makullin

A cikin baƙar robar kan makullin akwai wata 'yar ƙwaya, masu sana'ar suna ce mata cip. Wata kamar ƙwayar shinkafa take, ta gilashi. Wata kuma baƙa ce mai kusurwa, ba ta kai farcen ɗan yatsa ba. Ba ta da batir. A bakin ramin kontak akwai zoben waya da aka naɗe, shi ne yake ba ta wuta ta iska idan an zura makulli, a kan zango kusan kilohaz 125 (na kamfanin Texas a kan 134). Da ta sami wuta sai ta faɗi lambarta. Na'urar hana tashi, wato imobilaiza, ta duba ko ta san lambar. In ta sani, ta ba ƙwaƙwalwar injin, wato kwamfutar da ke sarrafa shi, izinin sakin mai da wuta. In ba ta sani ba, injin zai yi ta juyawa bai kama ba, ko ya kama na daƙiƙa biyu ya mutu, ko a wasu motocin sitata ma ta ƙi motsi.

Tun 1998 dokar Tarayyar Turai ta wajabta wannan na'ura a sabbin motoci, saboda haka kusan duk 'yar Beljiyam da aka ƙera bayan wannan shekara tana da ita. Wasu Hilux da Land Cruiser da aka yi wa kasuwar ƙasashen Larabawa ko ta Afirka ba su da ita. Kada a yi kirdado. Cire makulli, ka duba dashbod: in akwai 'yar jar fitila mai ƙyaftawa, ko hoton mota da makulli a ciki, akwai imobilaiza.

Abu ɗaya da ke rikita mutane: maɓallan buɗe ƙofa daban, ƙwaya daban. Rimot yana cin ƙaramin batir mai bolt 3, galibi CR2032, CR2016 ko CR1620. Batirin nan zai iya mutuwa murus, mota ta ci gaba da tashi lafiya lau.

Matakin farko: gane irin ƙwayar

Ba a sayen komai kafin a karanta makullin. Ana zura kansa a ramin na'urar karatu, irin su Xhorse VVDI Key Tool ko Autel, nan take ta faɗi irin ƙwayar. Waɗanda aka fi gani a garejojinmu ga su: 4C a tsofaffin Toyota, 4D67 a Toyota na bayansu, wanda ake yawan ganin ɗan ɗigo a jikin ƙarfensa, mai harafin G daga wajen 2010, mai harafin H daga wajen 2013 zuwa sama. ID46 tana cikin Peugeot, Citroën, Renault, Nissan, Hyundai da Kia masu yawa. ID48 kuwa ta Volkswagen da Audi ce. Alamar jikin ƙarfe manuniya ce kawai, domin sau da yawa an taɓa canja kwanson makullin a baya. Abin da na'ura ta karanta shi ne gaskiya.

In motar Toyota ce, akwai ƙarin bincike mai muhimmanci. Toyota tana da babban makulli da ƙaramin makulli. Babban galibi baƙi ne, ƙaramin ruwan toka. Gwajin ba wuya: zauna a mota, ka kalli fitilar tsaro tana ƙyaftawa, sannan ka zura makulli ba tare da ka juya ba. In ta mutu nan take, babba ne. In ta tsaya a kunne na kamar daƙiƙa biyu kafin ta mutu, ƙarami ne. Ƙaramin yana tada mota, amma ba ya ba da izinin shigar da sabon makulli. Wanda ya sayi mota da ƙaramin makulli kaɗai ya sani cewa ko dai a yi masa kwafi, ko a yi aiki irin na wanda ya rasa makullansa duka. Wannan gwajin ya kamata a yi shi tun a wurin ciniki, kafin kuɗi su fita daga aljihu.

Kwafi ko rajista

Hanya biyu ce, kuma a nan ne ake yawan cutar masu mota, domin dukansu ana kiransu "an yi maka makulli".

Kwafi shi ne a ɗauki bayanan ƙwayar da kake da ita a zuba a wata ƙwaya ta musamman mai karɓar rubutu. Mota ba ta san an yi sabo ba, a wurinta makulli ɗaya ne. Alfanunsa shi ne ba a taɓa ƙwaƙwalwar mota, ba a buƙatar lambar sirri, don haka da wuya a kulle komai. Aibinsa kuma shi ne in ɗaya ya faɗa hannun ɓarawo, ba yadda za a goge shi a bar ɗan'uwansa. Sannan kwafi ba ya ɗauko rimot.

Rajista kuwa ita ce a haɗa na'ura da motar ta soket ɗin OBD, mai haƙora 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, a koya wa imobilaiza sabuwar ƙwaya mai lambar kanta. Ita ce ta fi inganci. Ana iya goge makullin da ya ɓata, ana iya shigar da rimot. Amma yawancin kullewar da ake jin labari, a nan take faruwa.

Ga mai tsohuwar mota da yake son na ajiya a gida kawai, kwafi ya wadatar. Ga motar da direbobi ke karɓa-karɓa, ko wadda makullinta ya taɓa ɓata ba a san inda yake ba, rajista za a yi, a goge tsofaffin. Mai Ford kuma ya lura: yawancin tsofaffin Ford suna barin mai makullai biyu masu rajista ya ƙara na uku da kansa, amma kwafi ba ya shiga lissafin na biyu, tunda motar lamba ɗaya take gani.

Yankan ƙarfe

Ƙarfe ake fara yankewa, ba ƙwaya ba. Kowace mota da siffar ƙarfenta: TOY43 a Toyota da yawa, NSN14 a Nissan, HU66 a Volkswagen, NE78 a Peugeot 406. Ɗora sabon a kan tsohon, ka tabbata kwarin gefensu da tsawonsu sun dace. In tsohon ya cinye har haƙoransa sun yi sulɓi, kwafarsa kai tsaye kwafar lalacewa ce: sabon zai riƙa cijewa. Gwani zai karanta zurfin kowane haƙori ya yanka a kan ma'aunin asali. Makullai masu kwari a tsakiya irin na maciji suna buƙatar injin yanka na daban, ba irin na makullin gida ba.

Bayan yanka, a goge ƙaiƙayin ƙarfen da buroshin waya, a gwada a ƙofa. Ya juya sumul, ba a dannawa, ba a girgizawa. Kada a gwada tada injin da shi tukuna. Kowane yunƙuri da ƙwayar da ba ta da rajista, wasu motocin suna ƙirga shi.

Yadda ake kwafi

Ƙwayar 4C mai lamba tsayayya ce. A karanta ta, a cire, a sa ƙwayar kwafi, a rubuta. Minti ɗaya ya isa. 4D tana da sirri, na'urar za ta ɗan yi lissafi kafin ta rubuta. ID46 sai an je jikin mota: a riƙe eriyar na'urar a jikin kan makullin, a kunna kontak a kashe sau nawa na'urar ta nema, don ta saurari zancen da ke tsakanin makulli da mota. ID48 ma haka, kuma lissafinta yawanci a intanet ake yi. In layi yana yankewa, a bari sai an sami wuri mai ƙarfin sabis, a tabbata na'urar tana da caji. Toyota mai H an fi yi mata rajista.

Wajen sa ƙwaya a sabon kwanso a kula da kyau. A shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur kafin a ɓare makulli. Ƙwayar tana zaune a wani ɗan lungu kusa da gindin ƙarfe, wani lokaci da ɗigon gam. In aka ɓare a tsaye a filin gareji, ta faɗa cikin rairayi da baƙin mai, sai dai a yi ta tankaɗe ƙasa. Ta gilashi ba a kama ta da filaya. A tura ta a hankali da tsinken sakace. A sabon kwanso a zaunar da ita a gurbinta, kada ta riƙa kaɗawa, domin in ta yi nisa da zoben kontak, yau ta tada mota gobe ta ƙi. Yawancin masu cewa "na canja kwanso kawai, mota ta ƙi tashi" sun jefar da tsohon kwanson ne da ƙwayarsa a ciki.

Yadda ake rajista

Nan ne ake buƙatar natsuwa, kuma shirin ya fi aikin kansa tsawo.

Da farko takardu. Mai sana'ar kirki zai nemi karti giris, wato takardar mallakar mota, da katin shaidar mai mota, ya gwada lambar shasi mai haruffa 17 da ke jikin motar da ta takarda. Ba wulaƙanci ba ne. "Alhaji, a yi haƙuri, ka'idar aiki ce" ta fi a wayi gari an yi wa ɓarawo makulli, musamman a garuruwan iyaka inda mota ke iya tsallake gadar Ngeli, da ke tsakanin Kuseri da Injamena, cikin 'yan mintoci.

Na biyu, batir. A auna shi mota a kashe. In ya gaza bolt 12.4, a yi caji ko a jona wani lafiyayye a gefe. A kashe fitilu, fanka da rediyo. In wuta ta faɗi lokacin da na'ura ke rubutu, ana iya barin imobilaiza a tsaka-tsaki: ta manta tsofaffin makullai, ba ta karɓi sababbi ba.

Na uku, a tara duk makullan motar a wuri ɗaya, har da wanda ke wajen uwargida. Peugeot, Citroën da Nissan da yawa suna share jerin makullai gaba ɗaya a farkon rajista. Duk wanda ba a gabatar a wannan zaman ba ya daina tada mota sai an sake wani zaman.

Na huɗu, lambar sirri. Ta Peugeot da Citroën haruffa huɗu ce, tana kan wani ɗan kati da ke zuwa da sabuwar mota, wanda da wuya ya iso nan. Ta Hyundai da Kia lambobi shida ce. Ta Nissan da yawa ana fitar da ita daga lambar da ke manne a akwatin BCM, mai sarrafa lantarkin jikin mota. Ana samun lambar daga dilan kamfani da takardun mota, ko na'ura mai kyau ta karanto ta daga motar. Abin da ba a yi shi ne canka. A Hyundai da Kia, kuskure uku yana rufe ƙofar rajista na awa ɗaya. Peugeot ma tana rufewa bayan kuskure uku. In an shigar sau ɗaya an ce ba daidai ba, a tsaya. A duba ko an rikita sifili da harafin O, ko an taɓa canja akwatin imobilaiza da na wata mota, wanda ke nufin lambar da dila ya bayar ba ta akwatin nan ba ce.

In shiri ya kammala, aikin gajere ne. A jona na'ura, a zaɓi ainihin samfurin mota da shekararta, a karanta adadin makullan da ke ciki a rubuta. A zaɓi "ƙara makulli", ba "goge duka" ba, sai in da niyya. A bi umarnin na'ura daki-daki: makulli na farko, kunna, kashe, na biyu, kowanne cikin lokacin da ta bayar. Sauran makullan a nisanta su da kontak, kada zoben ya ji ƙwaya biyu. A ƙarshe a sake karanta adadi, a ga ya ƙaru da ɗaya.

Wasu Toyota na shekarun 2000 suna karɓar sabon makulli ba da na'ura ba, in akwai babban makulli. Ƙofofi a rufe, a zura babban a zare sau huɗu da hanzari, a zura na biyar a bar shi. A buɗe ƙofar direba a rufe sau shida. A zare babban, a zura sabon ba tare da juyawa ba, a jira kamar minti ɗaya har fitilar tsaro ta daina ƙyaftawa. Ba kowane samfuri ke amsa wannan ba. In an gwada sau biyu bai yi ba, a koma ga na'ura.

Rimot mataki ne na daban a yawancin motoci, kuma zangonsa ya dace da asalin motar: 'yan Turai galibi megahaz 433, 'yan Amurka 315. Rimot ɗin Corolla 'yar Amurka ba zai yi magana da 'yar Beljiyam ba ko da kamanninsu ɗaya. Haka nan a yi hattara da makullan hannu na kasuwa. Ƙwayar ID46 da ta taɓa shiga wata Peugeot ta kulle da waccan motar, sai sabuwa.

Gwajin ƙarshe: kowane makulli shi kaɗai, sauran a wajen mota. Ya tada injin, a bar shi ya yi minti ɗaya, a kashe, a sake. A biya kuɗi bayan wannan, ba kafinsa ba.

In mota ta ƙi gane makullinta

Ga alama: injin yana juyawa da ƙarfi, fitilar tsaro tana ƙyaftawa da sauri ko ta ƙi mutuwa. Abu na farko, a daina murza makulli. Nissan tana shiga yanayin kulle bayan yunƙuri biyar a jere da makullin da ba ta gane ba. Hanyar fita a yawancinsu: da makulli mai rajista, a kunna kontak ba tare da tadawa ba na daƙiƙa biyar, a kashe, a maimaita har sau uku, sannan a tada.

Daga nan a bi daga mai sauƙi. Cire makullin daga tarin makullai, domin ƙarfe da ƙwayar wata mota suna dagula karatu. Gwada na biyun. In ya tada, matsalar a makulli take, ba a mota ba. Auna batir, duba kawunansa ko sun yi farin gari. Duba fiyus. Sannan zoben kontak: soket ɗinsa yakan saki saboda girgizar hanya, kuma wanda ya saba bin titin Mora zuwa Kuseri ya san irin girgizar da ake nufi. Yakan kuma tsinke in an kwance robar sitiyari da gaggawa. Sai a ƙarshe a zargi ƙwaƙwalwa, bayan na'ura ta karanta lambar matsala.

Mota mai maɓallin tashi in ta ce ba ta ga makulli ba, galibi batirin rimot ne. Taka birki, manna rimot ɗin a jikin maɓallin, ka danna. Ƙwayar ciki za ta amsa ba da batir ba. Wasu motocin rami suke da shi na musamman don haka.

Yanayinmu ma yana da nasa rabon. A watan Maris da Afirilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Garwa da Marwa, rimot ɗin da aka bari a kan dashbod batirinsa yana saurin mutuwa, kwansonsa yana tsagewa. Ƙurar hunturu tana cika ramin kontak. A hura ta da iska, kada a ɗura baƙin mai, don zai haɗe da ƙura ya zama laka. Da damina, motar da ta kutsa ruwa har ya shiga ƙasan dashbod, a cire kan batir a bar ta ta bushe kafin a kunna. Mai Peugeot kuma, in zai cire batir a ranar da ba gaggawa, ya kashe kontak ya jira kamar minti uku akwatin BSI, mai sarrafa lantarkin jikin motar, ya yi barci tukuna.

Canja ƙwaƙwalwar injin da ta hannu ma yana jawo kullewa, domin ita da imobilaiza sai sun san juna. A Toyota da yawa ana daidaita su ta hanyar haɗa haƙori na 4 da na 13 na soket ɗin OBD, kontak a kunne, na minti 30. Wannan aikin mai gyaran wuta ne da ya san lissafin haƙoran. Na 16 wutar batir ce kai tsaye, kuma waya ɗaya a ramin da ba nata ba tana iya ƙona abin da ya fi makulli tsada nesa ba kusa ba.

In duka sun ɓata

Sai an fara da gano yankan ƙarfe daga ramin makullin ƙofa ko daga lambar da dila zai bayar, sannan a buɗe wa imobilaiza sabon shafi. A Toyota, sake saitin ta na'ura yana da jiran minti 16 wanda ba a katse shi. Ford tana sa jiran minti 10, kuma takan nemi makullai biyu kafin ta yarda ta tashi. A wasu tsofaffin motoci sai an ciro akwatin imobilaiza an karanta ɗan guntun ma'ajiyarsa. A nan sharaɗi shi ne a adana ainihin bayanan kafin a rubuta komai a kai. Mercedes mai makullin da ba ƙarfe a bakinsa tsarinta daban ne, a kai ta wurin wanda ya ƙware a kanta kaɗai.

Za a sami mai ba da shawarar a manne ƙwaya a jikin zoben kontak da salatif, ko a cire imobilaiza daga ƙwaƙwalwa gaba ɗaya, don kowane ƙarfe ya tada. Yana aiki, amma motar ta koma wadda duk mai sukundireba zai iya tafiya da ita. Ba shawara ce da za a bi ba.

Bayan an gama kowane irin aiki, mai mota ya karɓi abubuwa uku a rubuce: irin ƙwayar, lambar sirri in motar tana da ita, da adadin makullan da ke rajista. Takardar nan da makulli na biyu a ajiye su a gida cikin akwati, nesa da zafi da ruwa, ba a cikin motar ba. Duk wata biyu ko uku a ɗauko na ajiyar a tada mota da shi, a danna maɓallansa, in batirinsa ya fara rauni a canja kafin ya zubo ruwa ya cinye allon lantarkin da ke cikinsa.